Yadda Tsawo Ya Sauko da Enoch Daga Kan Doki

Duk wanda ya tashi a garin Newmarket na Ingila lokacin ƙuruciyarmu ya san Enoch Pettit, ɗan Keziah mai wankau. Shekararsa goma sha biyu, amma in ka gan shi sai ka rantse bai yi takwas ba. Babu mai sana'ar da ya yarda ya ɗauke shi. Da uwar ta gaji, sai ta jawo hannunsa zuwa bargar Mista Blewitt, mai horar da dawakin sukuwa, inda nake aikin share kashin doki.

Blewitt ya ɗaga shi da hannu ɗaya kamar ɗan zomo.

"Keziah, me kike ba shi yana ci?"

"Abin da ya samu, maigida. Ba kullum yake samuwa ba."

"Madalla. Mu ma haka za mu riƙe shi."

Nan Enoch ya zauna yana goge dawaki, yana ɗibar ruwa, da sassafe ya hau ya zaga da su fili. Ana nan, ranar sukuwar kaka, babban mahayinmu ya wayi gari a buge, ko gabas bai sani ba. Dole aka ɗora Enoch kan Sarƙa, wata baƙar goɗiya da ba ta jin linzami.

Blewitt ya ce, "Ka danne ta har tsakiyar fili, sannan ka sake ta. Ka ji ko?"

Enoch ya ji, Sarƙa ce ba ta ji ba. Ana tashi ta ƙwace. Likkafa ta suɓuce masa, ya rungume wuyanta, ya runtse ido yana kiran uwarsa. Haka ta zo ta ɗaya, ba ta tsaya ba sai bakin katangar coci.

Manyan gari suka ce ba su taɓa ganin gwaninta irin wannan ba. "Kun ga yadda ya kwanta don kada iska ta tare shi? Yaron nan da basirarsa aka haife shi!" Attajirin da yake da goɗiyar ya aika wa Keziah cinyar alade sukutum. Kowace mai abinci a gari tana so a ce gwani a wurinta yake ci. Enoch, wanda bai taɓa ƙoshi ba, ya shiga zagaye gidaje da cokalinsa a aljihu.

Kafin sanyi ya fita wandonsa ya ɗage, takalminsa ya matse. Hankalin Blewitt ya tashi, don ba a son mahayin sukuwa ya yi nauyi. Ya hana shi abinci, ya sa masa manyan riguna ya yi ta tafiya a ƙasa don ya yi gumi. Da abin ya ƙi, ya sa muka binne shi har wuya cikin tulin taki mai zafi. Tsoho Jabez mai gyaran sirdi ya leƙo ya ce, "Maigida, ko kabewa ka sa wa takin nan ai girma za ta yi!"

Ta kuwa yi. Ranar da ya hau sikeli kafin sukuwar bazara, Blewitt ya dubi ma'auni, ya dubi yaron da yanzu suke kafaɗa ɗaya.

"Sauko, ɗana, kafin ka karya musu kaya."

Enoch ya yi kuka a bayan barga, ni na ba shi ƙyalle. Ya koma dakon gawayi, inda a ƙarshe ƙarfinsa ya yi rana.

Wata rana ya kai buhu gidan attajirin nan, ya hango babban zanen Sarƙa a bango. Mai zanen ya zo ne bayan an sallami Enoch, sai aka ɗora ɗan mai dafa abinci kan goɗiyar aka zana a madadinsa. A ƙasa an rubuta sunan goɗiya, da na maigida, da na karen maigida.

Baran gidan ya ce, "Kai, ƙato, ka san doki ne kake ta kallo?"

"Kaɗan-kaɗan," in ji Enoch. "Ina zan sauke gawayin?"