Jaririyar da Aka Bari Bayan Katanga

Duk wanda ya san ƙauyen Lozen Dol ya san Nedyalka. Ita ce ta ƙare ƙuruciyarta tana yankan tikiti a bas ɗin Plovdiv, kuma ba a taɓa yin ƙaton da ya hau mata mota kyauta ba. Da ta yi ritaya an ɗauka za ta zauna ta riƙa gasa tattasai tana saƙa safa kamar tsararrakinta. Ina! Sai ganinta aka yi da na'urar shinshino ƙarfe, mai dogon mariƙi da faifai a ƙasa, ta kwance, wadda ta saya a hannun wani bakanike.

Da kaka, idan ruwan dam ya ja baya, tsohon ƙauyenmu da tafkin ya haɗiye yakan leƙo daga cikin laka: harsashin gidaje, bakin rijiya, guntun katangar maƙabarta. Lokacin ne maza ke gangarawa da na'urorinsu neman tsofaffin kuɗin Rumawa da maɓallan sojojin da. Nedyalka kaɗai ce mace a cikinsu, ita kaɗai ce kuma ba ta yawo. Kullum tana bayan katangar nan, tana share wuri ɗaya kamar mai neman allura.

Zdravko masunci ba ya ganinta ya ƙyale.

"Goggo, yau kuma me aka samu? Murfin kwalba, ko haƙorin marigayi?"

"Hankalinka nake nema, ɗan banza. An ce tun bara ya faɗa ruwa."

"To in kin samo ki raba mana, ke ma da buƙata!"

Kowa ya san abin da take nema, kunya ce ta hana a faɗa. Kafin a rufe dam ɗin, mutanen gari sun tono mamatansu, suka wanke ƙasusuwan da ruwan inabi yadda aka saba, suka hau da su sabuwar maƙabarta a kan tudu. Giciye aka riƙa bi ana tonowa. To amma Nedyalka tana da ƙanwa da ta koma tun kafin a yi mata baftisma, kuma irin waɗannan a bayan katanga ake sa su, ba giciye, ba suna. Uwarsu ta ciro sulen azurfa mai huji daga sarƙar aurenta ta ɗaura a tsumman goyon, aka binne ta a gindin wata tuffa. Ranar tashi babu wanda ya zagaya bayan katanga. Uwar ta yi kuka, ta roƙa, maza suka ce ƙa'ida ce. Ruwa ya zo ya rufe, uwar kuwa har ta mutu ba ta yarda ta ci kifin tafkin ba.

Ni dai har yau abin yana ci mini rai. An kwashe barasa, an kwashe amya, har ƙyauren banɗaki wani ya ɗora a amalanke, amma aka bar jaririya.

A wata shekara da aka yi babban fari, ruwa ya ja fiye da yadda aka taɓa gani, har kututturen tuffar ya bayyana, baƙi ƙirin. Hadari kuma ya fara haɗuwa a kan duwatsu, an san da ya sauka shi ke nan sai wata shekara, ko ma ba za a sake ganin wurin ba. Nedyalka ta shiga laka har gwiwa. Na'ura ta yi ƙara, ta haƙa: ƙusa. Ta sake: takalmin doki. Bayanta ya riƙe, ta zagi bayan, ta zagi dam ɗin da wanda ya zana shi, ta ci gaba. Can da hantsi sai na'urar ta yi wata siririyar ƙara. Ta ajiye shebur ta sa yatsu, ta ciro wani ɗan abu, ta goge a rigarta. Sule ne, da hujinsa.

Ƙashi kam babu. Ruwa da laka sun daɗe da cinyewa. Sannan ta kwance kallabinta ta shimfiɗa, ta kwashi lakar wurin da hannu biyu ta zuba, ta ɗora sulen a kai ta ƙulle.

Zdravko ya matso, hularsa a hannu.

"Kawo in ɗaukar miki, Goggo. Tudun nan da tsawo."

"Kai dai riƙe na'urar. Wannan a hannun danginta za ta hau."

Kafin ta kai tudu labari ya riga ta. Fada Grigor, limamin cocin, yana tsaye a ƙofar maƙabarta. Ba mugu ba ne, matashi ne mai tsoron na gaba da shi.

"Iya Nedyalka, kin san ƙa'ida. Akwai wuri mai kyau a bayan katanga, zan zo da kaina in tsaya miki."

"Bayan katanga ta gama zamanta, Fada."

"Ba ni na kafa dokar ba, Iya."

"Ni ma ba ni na kafa ta ba, don haka ba ni zan yi gadinta ba. Dubi abin da ke hannuna. Laka ce. In kana da littafin da ya hana ƙasa shiga ƙasa, ɗauko ka karanta mini, ina tsaye."

Fada ya dubi ƙullin da ke ɗigar ruwa a kan takalminta. Bai ce ta shiga ba, ita ma ba ta jira ya ce ba. Ta raɓa ta gefensa kafaɗarta na gogar rigarsa, ta nufi kabarin uwarta kai tsaye.

Yayyafi ya fara. Ta durƙusa ta tona da hannu a gefen dutsen kabarin, dab da inda ƙirjin tsohuwar zai kasance, ta sauke ƙullin a hankali.

"Inna," ta ce, "ɗan matsa. Ga ta na kawo miki."