Jar Motar da Bayanta Ba Ya Jin Magana

A ɗakina na zaure akwai sitiyarin roba da nake ɗaurewa a bakin tebur, da fedal na totur da na birki a ƙasa, da na'urar gem da na sayo ta hannu a Kano na haɗa da talabijin. Idan na taso daga makarantar da nake koyarwa, na ci abinci, sai in zauna in yi ta tsere da motocin da ko a mafarki ba za su biyo ta Potiskum ba. Inna, mahaifiyarmu, takan leƙo ta ce ƙato da gemu yana wasan yara. Ban taɓa musa mata ba, don gaskiya ta faɗa.

A cikin motocin gem ɗin akwai wata ja, gajeriya, mai faɗi kamar kwaɗo, injinta a baya. Ita ce ta hana ni sakat. Sauran motocin idan ka karya kwana sai su bi ka salin-alin. Ita kuwa kanta zai shiga kwanar lafiya lau, sai bayanta ya ce shi bai yarda ba, ya zame gefe, ya nemi wuce kan. Kafin ka ankara ta yi katantanwa, ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito, abokan tsere suna wuce ka ɗaya bayan ɗaya. In na taka birki, ta juya. In na saki totur, ta juya. In na ƙara mata wuta, ta juya har da ƙari. Akwai wata doguwar kwana a wani filin tsere na gem ɗin da ake ruwan sama, kwalta tana sheƙi, wadda ban taɓa fita daga cikinta ina kallon gaba ba. Na zagi motar, na zagi waɗanda suka ƙera ta, na yi rantsuwar na bar ta har abada. Washegari kuma na sake zaɓarta, don abin ya tsaya mini a rai.

A wannan lokacin ne Yaya ya fara shigowa ɗakina.

Yaya babban wanmu ne, direban tirela. Tun ina firamare yake ɗaukar shanu daga kasuwar shanu ta garin nan yana kai su kudu. A daminar da ta wuce kafin wannan labari, yana cikin tafiya da kaya cike, ana yayyafi, ya shiga wata kwana, bodin motar ya zame ya naɗo kan, suka kife. Shanu sun mutu da dama. Wannan duk mai sauƙi ne. A saman bodin akwai amininsa, mai rakiyar shanu, wanda suka taso tare tun suna makarantar allo, magidanci mai iyali. A wurin Allah ya karɓi abinsa. Yaya ya fito da karaya a hannu, ƙashi ya ɗinke, amma tun daga ranar bai sake hawa gaban mota ba.

Mai motar, wani Alhaji mai mutunci, bai ɗora masa laifi ba. Ya sayi wata tirelar ya ajiye, ya aiko cewa ta Yaya ce, zai jira shi har lokacin jigilar babbar Sallah. Idan lokacin ya zo bai karɓi makulli ba, dole ya ba wani. Kowa a gidanmu ya san da wannan magana, kuma kowa ya san Yaya bai iya wata sana'a ba sai tuƙi, ga mata ga 'ya'ya. Ba mai tayar da zancen a gabansa. Wuni yake yi a kan benci a ƙofar gida, ya rame, abinci sai Inna ta yi da gaske yake taɓawa.

Ranar farko tsayawa ya yi a bakin ƙofa yana kallona ina fama da jar motar. Na shiga doguwar kwanar, ta yi abin da ta saba. Sai na ji ya ce, "Tashi."

Na tashi. Ya zauna, ya jujjuya sitiyarin, ya taɓe baki. "Wannan ai murfin tukunya ne. Ina kulocin?"

"Babu kuloci, Yaya. Da kanta take sa giya."

"To, Allah ya kyauta."

Ya ja ta a hankali, ya saba da ita, ya ƙara wuta. Har na fara murna, don hannunsa a kan sitiyari ba irin nawa ba ne, ba ya fizga. Da ya iso kwanar, bayan motar ya zame, ƙafarsa ta faɗa kan birki da ƙarfin da sai da teburin ya girgiza. Motar ta yi katantanwa ta daki shinge. Ya ƙura wa talabijin ido. Can ya ce, "Mayar da ita baya."

Na mayar. Ta sake juyawa. Ya ce in sake mayarwa. Haka muka yi har aka kira magariba.

Daga nan ya zama kullum. Bayan la'asar zai shigo, ba sallamar kirki, ya nuna mini kujera da haɓa, in tashi. Mota ɗaya, fili ɗaya, kwana ɗaya. Na ce masa akwai wata fara mai jin magana, ko makaho zai kai ta gida. Ya ce in bar masa jar. Na ce to bari in ɗauke ruwan saman, don ana iya sa rana ta fito kwalta ta bushe. Ya harare ni ya ce wa ya aike ni.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda yake karɓar faɗuwar. Ni idan motar nan ta juya da ni, ji nake kamar in ɗaga talabijin ɗin in maka da ƙasa. Shi kuwa sai ya saki sitiyarin, ya jingina, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke kaya. Ya ce, "Ka gani ko? Idan ta tafi ta tafi. Ba ta kamuwa." Sai ya tashi ya shiga cikin gida ya cinye tuwonsa tas. Na rasa gane kansa. Mutum ya zo kullum a kayar da shi, ya tafi yana jin daɗi? Na ce ko wasan ne bai fahimta ba, ya ɗauka juyawar ita ce cin. Na yi masa bayani cewa ana so ne a riga sauran motocin isa. Ya ce ya sani, shi ba yaro ba ne.

Inna ce ta fara ganin alheri a ciki. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai, wannan abin wasan naka, na ga ɗan'uwanka yana cin abinci. Hannunsa kuma ya koma kan sitiyari, ko da na roba ne. Me ya rage?"

Na ce akwai wata kwana da take kayar da shi.

"To ka taimake shi ya wuce ta mana. In ya wuce ta, tsoron zai fita, ya je ya karɓi makullinsa. Sallah fa ta matso."

Maganarta ta zauna mini daram. Ni ma haka na gani. Sai na duƙufa neman yadda ake kama motar nan, na shiga kallon bidiyon masu wasan a waya, kaina ya ƙara kullewa. Wani ya ce da zarar baya ya zame ka saki totur. Wani ya ce sakin totur shi ne babban kuskure, don nauyi zai koma gaba, bayan ya ƙara sauƙi. Wani ya ce ka juya sitiyari ta inda bayan ya nufa, wato kwana tana hagu kai kana karyawa dama, abin da hankalina ya ƙi ɗauka sam. Na riƙa zana mota a bayan takardun jarrabawar ɗalibai, ina ja mata kibiya nan da can, in juya takardar, in rasa ina ne hagun. Abu ɗaya kawai duk suka haɗu a kai: kada ka taɓa birki. Na gwada da kaina, wani lokaci ta ɗan tsaya kamar za ta yi biyayya, sai ta watsa bayan ta ɗaya gefen, ta juya da ni ta inda ban zata ba.

Duk da haka na kai wa Yaya abin da na tsinto. Na ce, "Yaya, sun ce kada a taka birki. A rage wuta kaɗan, ba duka ba, a bi bayan da sitiyari, da ta fara dawowa a warware da sauri."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malamin makaranta, yau kuma tuƙi za a koya mini a allo?"

"Ni dai abin da suka ce ke nan."

"Su wa?"

"Masu wasan."

Ya yi tsaki. Ya ci gaba da taka birkinsa, tana ci gaba da juyawa. Ni kuma na zama ƙarfen ƙafa. Duk sanda ya doshi kwanar ina tsaye a kansa ina cewa, "Ban da birki, Yaya, ban da birki!" Har haushinsa nake ji. Ina ganin taurin kai ne kawai irin na manyan direbobi, waɗanda ba sa son ƙaramin yaro ya gyara musu.

Wata ranar kasuwa ce, ana saura kwanaki kaɗan Sallah, ana jiyo hon ɗin tireloli suna fita da shanu. Ya shigo kamar kullum ya zauna. Ya doshi kwanar, bayan motar ya zame, na buɗe baki zan yi ihuna, sai na ga ƙafarsa ta ɗaga ta tsaya a iska a kan birkin, ba ta sauka ba. Hannuwansa suka yi wani abu da sauri wanda idona bai bi ba. Motar ta tafi a karkace, tana feshin ruwa, ta yi kamar za ta tafi, sai ta dawo ta miƙe sak ta fita daga kwanar tana kallon gaba.

Na yi tsalle na buga ihu har Inna ta fito da gudu tana tambayar lafiya. Na ce, "Ya kama ta, Inna! Wallahi ya kama ta!" Ta ɗaga hannu tana hamdala.

Da na juyo sai na ga motar tana rage gudu. Yaya ya cire ƙafarsa daga totur, ya bar ta ta gangara ta tsaya a tsakiyar titi, sauran motocin suna wuce ta. Ya saki sitiyarin ya ɗora hannuwansa a kan cinyarsa.

Ya ce, "Ashe tana kamuwa."

Na ce, "Tana kamuwa mana! Ai na gaya maka."

Bai dube ni ba. "Ranar da muka kife, birki na taka."

Sai a lokacin na gane abin da yake zuwa nema a ɗakina kullum, wato shaidar cewa ba ta kamuwa, da abin da na tsaya a kansa na ƙwace masa. Na fara magana ba kai ba gindi. Na ce wannan wasa ne, roba ce da waya. Na ce ina ƙaramar mota ina tirela mai ɗauke da shanu, ai ko kusa ba ɗaya ba ne. Na ce kwanan mutum idan ya ƙare ba direban da zai ƙara masa. Inna ma ta sa baki tana cewa haka ne, haka ne.

Ya bari na gama, sannan ya ɗago ya ce, "Ka tabbata da ban taka ba, da ba ta miƙe ba?"

Na so in ce na tabbata. Kalma biyu ce, kuma da na faɗa da ƙarfi wataƙila da ya karɓa. Amma ya tsare ni da ido, ni kuma ban sani ba, sai na tsaya ina inda-inda.

Ya tashi, ya gyara kujerar ya mayar da ita jikin tebur. A bakin ƙofa ya tsaya gaban Inna ya ce, "Inna, a aika wa Alhaji ya ba wani motar."

Yanzu noma yake yi a gonar kawunmu ta wajen Danchuwa. Tun daga lokacin, duk direban tirelar da zama ya haɗa mu sai na tambaye shi, idan bodi ya zame a kwana da kaya cike, ana iya kamo shi? Wasu su ce ana iyawa, wasu su ce sai dai addu'a, wani ma ya ce ya danganta da yadda shanun suka tsaya. Har yau ban samu amsar da zan iya kai wa Yaya ba, shi ma bai sake tambayata ba.