Takwarana Yana Ciki

Laraba ce. Na tashi da yunwar da za ta cinye raƙumi har da sirdinsa, Inna ta ba ni kunu rabin kofi. Shekarar fari ce, kampanin uraniyom na garinmu Arlit kuma yana zubar da ma'aikata kamar ana kakkaɓe tabarma. Kafin in wuce lakwal, wato makaranta, na tsaya a shagon ɗinkin Baba, na kwaikwayi tarin takwarana. Yaran shago suka yi dariya har ɗaya ya soke yatsarsa da allura.

Takwarana shi ne Sidi Mai Fenti. Da can allunan shaguna yake rubutawa, yana zana manyan kampani a bango da tumbi kamar tankin ruwa. Lokacin da Baba ya zo daga Maradi da kekensa na ɗinki, ɗaki ɗaya suka kama, kwano ɗaya suke ci. Da aka haife ni sunansa aka raɗa mini, shi ya sayi ragon.

Daga baya ya ajiye buroshi ya ɗauki lasifika. Ya ce aikin Arlit na 'yan Arlit ne, baƙi su koma inda aka binne cibiyarsu. Inna ta tambaya ko da mu ake. Baba ya ce siyasa ce kawai, har ya ɗinka wa samarin ƙungiyar takwarana jajayen riguna. Ni cibiyata a Arlit take. Na fi kowa tafi a taronsa.

Ƙarfe tara jiniyar kampani ta yi kuka ba a lokacinta ba. An sake sallamar mutane. Mushe, malamin ajinmu, ya ce kowa ya tafi gida. Kafin in kai kasuwa na ji fashewar gilashi, sai ihu, sai warin taya.

"Baƙi waje!"

Jajayen riguna ne. Na gane ɗinkin Baba a wuyan kowace.

Baba ya tura mu ta ƙofar baya, ni da Inna da ƙanwata Hadiza. Ya ce mu je gidan takwarana, zai kulle shago ya biyo mu. Ban ji tsoro ba. Na gaya wa Hadiza cewa da na faɗi sunana ƙofar za ta buɗe da kanta, har ta gaishe mu.

Ƙarfe goma muna bakin ƙofar. Mai gadi ya san ni tun ina rarrafe. Na faɗi sunana duk da haka, ya shiga. Daga tsakar gida na ji ana zuba shayi. Na ji tarin nan da nake kwaikwayo. Mai gadi ya dawo ya ce Shugaba ba ya nan, bai dubi Inna ba.

Na bugi ƙarfen ƙofar da hannu biyu.

"Takwara, ni ne!"

Tarin ya tsaya. Ba abin da ya biyo baya. Inna ta ja hannuna.

Da azahar muna tasha. Wani direba, haifaffen garin, ya cusa mu ƙarƙashin tamfol a kamyon, babbar motar kaya, da ya sauke albasa. Ta wata ɓula na ga hayaƙi a saman layinmu. Kusa da Tchirozérine sojoji suka tare hanya saboda 'yan tawaye. Muka daɗe a rana. Duk motar da ta tsaya bayanmu, Inna sai ta sauka ta leƙa fuskoki.

Washegari a Agadez maƙwabcinmu, Malam Isufu mahauci, ya same mu. Ya miƙa wa Inna almakashin Baba. Ya ce a ƙofar shago suka sami Baba kwance, makulli a hannunsa, kuma sun yi masa sutura kafin magariba.

Shago ya tafi, keke ya tafi, Baba ya tafi.

A Maradi, ranar da Kawu ya kai ni sabuwar lakwal, mushe ya tambayi sunana. Kawu ya riga ni, ya ba da sunan Baba a madadin nawa. Inna ba ta faɗin sunan mijinta, don haka Abba take ce mini.

Amma in aka kira Sidi a kasuwa, har yau wuyana yakan juya kafin in hana shi.