Tazarar da ke Tsakanin Tamar da Miriyam

An haifi Mama Tamar a Kagoro a shekarar 1962, a wani gida da ke gindin dutse. Babanta mai bishara ne. Ya koyi solfa, wato rera waƙa da do-re-mi, a makarantar mishan, ya kuma koya wa 'ya'yansa mata biyu tun kafin su iya karatu. Babbar, Miriyam, Allah ya ba ta siririyar murya mai hawa sama, wadda mawaƙa ke kira sofrano. Muryar Tamar kuwa mai kauri ce, tana tafiya a ƙarƙashin ta yayarta. Ita ce alto. Tsofaffin unguwarsu sun ce ko ruwa suka je ɗebowa a rafi, ɗaya a sama take ɗaya a ƙasa.

Miriyam ta yi aure a Kafanchan, ta haifi 'ya ɗaya, Edna. Tamar ta biyo ta, ta koyi ɗinki, ta kama shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Ta auri wani ma'aikacin reluwe, ya rasu da wuri, ba su haihu ba. Dukansu biyu suna cikin ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarmu, inda ni ma nake rera bes, muryar maza ta can ƙasa, tun 1998, nake kuma riƙe da aikin sakatare.

Shugaban mawaƙa, Malam Gershon, shi ke da allo da alli. Amma duk sabon shiga, shagon Mama Tamar yake tura shi ranar Asabar da rana, ya fara koyon sunayen abubuwa. Do, re, mi, fa, so, la, ti, do, ita tsani take ce musu. Ki kuma shi ne wurin da aka kafa tsanin, sama ko ƙasa. Bugu da ƙafarta take koyar da shi, tana taka keken ɗinki, yara suna tafi. In aka zo hutu sai ta ɗaga almakashi sama.

"Hutu ba barci ba ne," in ji ta. "Rufe baki, amma cikinka ya ci gaba da tafiya da mu. Kai mai jar riga, na ce rufe baki, ban ce ka haɗiye harshe ba."

Mu manya ma ba mu tsira ba. Takan ce mu 'yan bes muna shiga waƙa kamar tsohon babur a kan tudun Kagoro, hayaƙi ya fi tafiya yawa.

Darasin da ta fi so shi ne tazara, wato nisan da ke tsakanin murya biyu. Wannan ba ta koyar da shi ita kaɗai. Miriyam takan zo ta zauna a bencin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Sai Tamar ta kama do, ta ce, "Yaya, ba ni mi." Miriyam ta bayar ba tare da ta ɗaga kai ba. Muryoyin su zauna lafiya.

"Kun ji? Akwai wurin zama tsakaninmu. To Yaya, sauko re."

Miriyam ta sauko, muryoyin suka fara gogar juna, yara suka yamutsa fuska.

"Wannan mutum huɗu ke nan a kan babur ɗaya," in ji Tamar. Daga nan ta nuna musu mi da fa, tazarar da ta fi kowace ƙanƙanta, wadda ta ce ko allura ba ta shiga. Bayanta babu sauran tazara, sai abin da ake kira murya ɗaya, inda mutum biyu ke tsayawa a wuri guda har a kasa gane waye waye.

Miriyam ta rasu bayan Ista na 2018, bayan gajeriyar jinya. Tamar ta yi makokinta, ta dawo layin alto, ta ci gaba da karɓar sababbi ranar Asabar.

Cikin daminar wannan shekarar na kai mata wandona ta rage masa tsawo. Rana tsaka ce, an ɗauke ruwa, ana ta hayaniya a bakin titi. Tun kafin in isa ƙofa na ji ana waƙa a ciki, murya biyu, alto da sofrano. Na ɗauka wata ɗaliba ce mai baiwa, har na shirya yaba mata. Da na ɗaga labule, Mama Tamar ce kaɗai a kan keke. Babu rediyo a shagon, wayarta kuma tana kan tebur a kife.

Ta daina taka keken. Muryarta ta tsaya. Ta saman ta ɗan ƙara ja kaɗan, kamar mai ƙarasa numfashi, sannan ita ma ta tsaya.

"Sakatare, ka ji ta?"

Na ce na ji wani abu.

"Wani abu ba shi da suna? Yaya ce. Kawo wandon."

Ta auna ni. Ta ce tun sati na farko bayan jana'iza, in ta buɗe baki sai Miriyam ta ɗora a sama, daidai inda ta saba. Ba ta jin tsoro. Ta ce shagon ya daina yi mata girma.

Na kai wa Malam Gershon maganar. Ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce mun yi shekara da shekaru muna jin su tare, kunnenmu ya saba, shi ya sa in muka ji alto sai kunne ya ƙarasa mana sauran. Bayanin ya kwantar mini da hankali, na riƙe shi kusan shekara biyu.

Abin da ya rushe shi ya faru a koyon waƙa na wata Laraba da yamma. Malam Gershon ya sa alto su rera nasu layin su kaɗai, sannan ya ce Mama Tamar ta maimaita wani wuri don sauran su ji. Ta kama do. A samanta wata murya ta fito, siririya, a fili, amma ba a kan mi ba. A kan re take, tana gogar ta Tamar. Wata yarinya a layin gaba ta toshe kunne. Malam Gershon ya juya yana neman wadda ta yi kuskure a cikin sofrano, ya tarar duk bakinsu a rufe.

Da aka tashi ya same ni a waje. Ya ce, "Sakatare, kunne yana cike abin da ya saba ji. Miriyam ba ta taɓa yin kuskuren nan ba a gabana." Ya tayar da babur ɗinsa.

Mama Tamar ta ce ba kuskure ba ne, saukowa Yaya take yi. Kafin Kirsimeti na 2021 tazarar ta koma irin ta mi da fa. Ta kira ni shago ta gaya mini za ta ajiye waƙa, in sanar da ƙungiya.

"Saura murya ɗaya," in ji ta. "In ta iso inda nake tsaye, wuri ɗaya ba ya ɗaukar mu biyu. Ina son Yaya, amma ban gama ɗinkin mutane ba."

Fasto da matan zumunta sun je sun yi addu'a a shagon. Ta yi musu godiya, ta dafa musu shayi mai citta, amma ba ta sake rera ko layi ɗaya ba. A sujada takan motsa leɓe kawai. Sababbi suna zuwa ranar Asabar, tana koya musu bugu da hutu da sunayen matakan tsani da baki, kamar mai karanta sunayen garuruwa. In aka zo tazara sai ta tura su wurin Malam Gershon. Ta rame. Mace mai yawan tsokana ta koma sai an tambaye ta take magana.

A farkon 2023 aka sa ranar auren Edna da wani malamin makaranta daga Manchok, sunansa Francis. Akwai wata waƙa da 'yan'uwan biyu suka tsara da harshen Kagoro tun suna 'yan mata, kan mutum biyu da ke ƙetare rafi riƙe da hannun juna. Sun rera ta a aure da yawa a garin nan. Tana farawa da murya biyu nesa da juna, suna matsowa a hankali, su ƙare a kan do guda. Edna ta zo shago gwajin rigar aure, na kuma tarar da su a kan maganar, domin na je karɓar rigunan mawaƙa.

"Mama, an rera wa 'ya'yan mutane, ni ce ba za a rera wa ba?"

"Tsaya daidai, allura za ta soke ki."

"Kowa a garin nan ya ji muryar uwata bayan ta tafi. Yaran ƙungiyar mawaƙa sun ji, Sakatare ya ji. Ni ina makaranta a Zariya, ban ji ba. Sau ɗaya kawai, Mama."

Tamar ta cire allurar da ke bakinta. "Kin san inda waƙar nan take ƙarewa?"

"Na sani."

"Kin sani, kina roƙo."

Edna ta fashe da kuka ta ce a bar maganar, ta yafe. Tamar ta gama kafa bakin rigar, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Share hawaye, kar ki ɓata mini leshi. Sakatare, sa sunana a tsarin sujada."

Ranar auren majami'a ta cika har tagogi, rana tana haskawa ta ko'ina. Bayan an ɗaura alkawari, Mama Tamar ta fito gaba ita kaɗai, ta ce wa mai kaɗa kibod ya sauke hannu. Ta ja numfashi ta fara alto.

Sofrano ɗin ya shigo a layi na biyu. Ba ya gogar kowa, yana can sama inda waƙar ta ajiye shi, tsaf kamar dā. Dangin ango da ba su san labari ba suna ta leƙe suna neman mai ɗaya makirufon. Namu mutanen ba wanda ya motsa. Edna ta riƙe hannun mijinta da hannu biyu, bakinta a buɗe.

Muryoyin suka fara matsowa. Na ga Tamar ta dafa bakin bagade. A layin ƙarshe akwai hutu na bugu ɗaya kafin do, a nan ne za ta iya yin shiru ta bar waƙar a rataye, kuma ba wanda zai zarge ta. Ta dubi Edna, ta ja numfashi, ta sauka a kan do. Murya ɗaya muka ji, doguwa, har ta ƙare.

Ba ta faɗi ba. Ta koma kujerarta da ƙafarta, a wurin liyafa ma ta ci tuwon acca ta yi wa dangin ango tsiya kan rawarsu. Malam Gershon ya share gumi ya ce mini an gode Allah.

Ranar Laraba ta dawo koyon waƙa, ta tsaya a wurinta na layin alto, matan suna ta rungume ta. Malam Gershon ya ba da ki, ya ɗaga hannu. Da ta buɗe baki, sofrano ne ya fito, siriri, mai ɗan karkarwa a kan la, wadda duk wanda ya san Miriyam ya sani. Ta tsaya, ta yi gyaran murya, ta sake neman muryarta ta ƙasa. Ba ta samu ba. Ta gwada har sauran suka sunkuyar da kai.

Tana nan da rai, tana ɗinki a shagonta, shekararta sittin da 'yan kai. In tana magana muryar Tamar ce, da tsokanarta duka. Ta ce ba ta ƙara jin kowa a samanta ba. Malam Gershon ya mayar da ita layin sofrano, ta tsaya a gurbin da aka bari babu kowa tun 2018. Edna takan taho daga Manchok duk Lahadin da ta samu mota, ta zauna a bencin gaba ta rufe ido.

Kwanan baya za a buga wa mawaƙa sababbin riguna, kowa da sunansa a ƙirji, na bi layi ina tambayar yadda kowa ke so a rubuta nasa. Da na iso kanta sai ta shiga murza zoben hannunta.

"Rubuta Tamar," in ji ta. Na rubuta. Har na wuce ta riƙo hannun rigata, ta rage murya. "Sakatare, kai da ka san mu dukanmu. Ran nan da muka haɗu a kan do, wacce ce a cikinmu ta tafi?"