Inna da Kifin Akwati

Shekarar da mahaifiyata ta zo zama da mu a Woodbridge, ban tuna ranar da na yi barci na ƙoshi ba. Aikin gwajin jini nake yi a wani asibiti a cikin Washington. Kullum sai na fita kafin gari ya waye, in dawo bayan magariba. Wanda bai taɓa zama a cunkoson titin 95 ba, yana kallon jar fitilar motar gabansa har ya haddace lambarta, ba zai gane irin gajiyar da nake nufi ba. Maigidana injiniya ne, rabin wata yana gida, rabi yana wata jihar. Yaranmu biyu, mace ce babba, sai auta namiji. A kan wannan aka ƙara mini Inna, bayan rasuwar Baba, da hawan jininta da ciwon suganta da ƙullin daddawar da ta sha alwashin ba za ta hau jirgi babu shi ba.

Likitan da na kai ta wurinsa ya ce a rage mata jan nama da gishiri da mai, a yawaita kifi. Na ji daɗi a raina, don Inna mutuniyar Wudil ce, a bakin kogi ta tashi, kifi ba baƙonta ba ne. Samo shi ne aiki. Akwai shagunan mutanenmu a Wheaton, akwai kasuwannin da ke sayar da ɗanyen kifi, amma Asabar ɗaya gare ni a mako, kuma ita ce ta wanki da kitson yarinya da islamiyya. Na gwada zuwa, na dawo da ciwon kai, na ce ba da ni ba.

Wata abokiyar aikina, Bahaushiyar Kumasi, ita ta miƙo mini wani ɗan littafin talla. Ta ce in buga waya kawai in zaɓa, kifi zai zo har ƙofar gida a daskare. Haka kuwa aka yi. Motar kai saƙo ta ajiye kwali, a cikinsa farar kula ta soso, a cikin kular wata irin busasshiyar ƙanƙara mai fitar da hayaƙi, wadda yara suka fi murna da ita fiye da kifin. A ƙasa ga yanka-yankan tsoka zalla, kowanne cikin ledarsa, duk girmansu ɗaya kamar sabulun wanki. Babu ƙaya, babu ɓawo, babu ƙarni. Na jera su a firizar gareji, na ji kamar an sauke mini kaya.

Inna ta ɗauki ɗaya ta juya shi gaba da baya.

"Wannan fa?"

"Kifi ne, Inna."

"Ina kansa?"

Na yi mata bayani cewa a can suke cirewa, don a sauƙaƙa wa mutane. Ta ce to, Allah ya sa alheri, ta ajiye. Wanda ya san Inna ya san wannan "to" ɗin ba yarda ba ce.

Yara kam abin ya yi musu. In na gasa a obin, kowa ya ɗauki yankansa a faranti ya nufi gaban talabijin. Maigidana ya yaba, ya ce yanzu na waye. Inna kuwa sai ta tsakuri gefe, ta ce ta ƙoshi, ta kife wani farantin a kai, ta sa a firji wai don yara. Na yi farfesu da citta da masoro, na yi miyar kuka na zuba shi ciki, na yi da shinkafa, duk labarin ɗaya ne. Firjina ya cika da farantai a kife. Zaninta ya fara zagaye ta fiye da da, awarwaron hannunta yana sulluɓowa har gwiwar hannu in ta ɗaga shi. Da muka koma asibiti likitan ya dubi sikeli ya dube ni, ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita. Na san Inna, in aka kwantar da ita a gadon asibitin da ba ta jin yaren kowa, ba lallai ta tashi ba.

Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa. A mota na yi ta faɗa, na ce kifin nan ya fi na bakin gadar Wudil tsabta, na ce ni ba ni da lokacin da zan riƙa lallashin babba kamar jariri. Ita kuwa tana ta jan carbinta tana kallon bishiyoyi. Da muka isa gida na ɗauko littafin tallan, na ga ashe a shafin baya suna sayar da karfasa sukutum, da kai da jela da komai. Na yi oda, ba don wata dabara ba, don haushi. Na ce tunda kai take nema, ga kai nan.

Ranar da akwatin ya iso na yi da-na-sani. Ga nauyi, ga ɓawo da sai an kankare, ga ciki da sai an sake wankewa. Ina tsaye gaban famfo ina tsaki, sai na ji an zare wuƙar daga hannuna. Inna ce. Tun zuwanta ba ta taɓa shiga kicin ɗina da kanta ba, tana cewa murhun da ba a ganin itacensa ba nata ba ne. Ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugunno, ta zauna da roba a gabanta, ta kankare, ta wanke da lemon tsami, ta tsattsaga jikinsa. Ɓawon kifi har a jikin bango. Ƙarnin ya kama labule, ya kama rigar aikina, washegari a jirgin ƙasa matar da ke kusa da ni ta canja kujera.

Da aka gama ta hana a kai tebur. Ta sa aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka ɗora babban tire, tuwon shinkafa a gefe, kifin a tsakiya. Ta cire kan ta tura gaban maigidana, ta ce wannan na mai gida ne. Sannan ta jawo auta kusa da ita, ta fara zare masa tsoka tana murzawa da yatsu don kada ƙaya ta wuce. Ina daga gefe ina kallo, sai na lura da wani abu. Duk tsokar da ta zare masa, ƙashin da ya rage bakinta take kai shi ta tsotse. Fatar da ya ƙi, ita ke ci. Kitsen ciki da ɗan naman da ke maƙale a jela, duk ta bi su da lomar tuwo ba tare da ta san tana ci ba. A zama ɗaya ta ci abin da ba ta ci a mako ba.

Nan na tuna, ni tunda nake ban taɓa ganin Inna da kwanonta ita kaɗai ba. A gidanmu na Wudil, cikin rabo take cin nata, tana ba wannan tana cire wa wancan ƙaya, abin da ya saura a yatsunta shi ne rabonta. Tsoka guda a faranti, a ce duk nata ne, babu wanda za ta cire wa komai, wannan ba abinci ba ne a wurinta. Ni kuma wata da watanni abin da nake ajiye mata ke nan, in juya in tafi wanke-wanke.

Na ɗauka an gama. Ashe da sauran aiki. Babbar 'yata tun ranar farko ta ce ita kifin kallonta yake yi, ba za ta ci abin da ke da ido ba. Auta ya daure na ɗan lokaci, don yana son kakarsa, sai wata rana ya janye jikinsa ya ce da Turanci shi ba jariri ba ne, kuma ba ya son abincin da aka taɓa da hannu. Na daka masa tsawa, amma Inna ba ta bukaci a fassara mata ba. Ta wanke hannunta ta koma ɗaki. Maigidana kuma ya yi tafiya, kan kifi ya rasa mai ci. Farantai a kife suka dawo firji.

Wata ranar Laraba aka yi haɗari a hanya, na daɗe a mota har ƙafata ta yi tsami. Biskit na ci da ruwan roba, ba na jin yunwa, wanka kawai nake so da gado. Ina shiga na tarar yara sun dafa taliyarsu sun haye sama. Inna na zaune a kan sallaya a falo, tiren a gefenta a rufe, ba a taɓa ba. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina kallonta. Ƙashin wuyanta duk ya fito.

Ni ce 'yarta ta fari. A wajen mutanenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ni a ɗakin kakata na girma. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, "ke" ce ko "waccan", kuma duk ƙannena ta cire musu ƙaya amma ban da ni. Ban taɓa jin haushin haka ba, abin da muka tarar ke nan.

Na ajiye jakar, na wanke hannu, na zauna a ƙasa na buɗe tiren.

"Inna, hannuna ya gaji. Ki cire mini ƙayar."

Ta kau da kai wajen bango. "Ke da girmanki?"

Na ci gaba da zama ina jira, har na fara tunanin tashi. Sai ta jawo tiren gabanta. Ta zare tsoka ta murza, ta ajiye a gefena ba tare da ta dube ni ba, kamar wani mai wucewa take ajiye wa.

"A ci wannan," ta ce wa bango. "Babu ƙaya."

Na ci. Ta kai ƙashin bakinta.

Daga ranar abin ya zama aikina, ƙari a kan na asibiti. Shekaru muka yi a haka. Ba zan ce kullum daɗi nake ji ba. Kifi ya gundure ni har ba na son ganin motar kai saƙo ta tsaya a ƙofarmu. In jirgi ya makara ko hanya ta cushe, Inna ba za ta sa komai a bakinta ba sai na dawo, ga ta da suga, sai in yi ta duba agogo. Suna ko walima da yamma a Silver Spring na daina zuwa, har mata suka fara cewa na yi girman kai. Maigidana ya sa mini suna 'yar lelen Inna, yana dariya, shi da ke cin kan kifinsa ya tashi abinsa. Wata rana ina tauna ina gyangyaɗi. Likitan Inna ya ga ta murmure ya tambayi me muka canja, na ce kifin muka canja. Nawa likitan kuma ya ce in rage cin abincin dare, na ce masa to, irin "to" ɗin Inna.

Hira ba ma yi sosai. Wani lokaci ta ba bango labarin masuntan unguwarsu, ko ta yi ƙorafin cewa karfasar Turawa ba ta da zaƙi, ruwan ƙanƙara ya shanye ta. Duk da haka in akwatin ya kusa ƙarewa ita ke tuna mini, ta ce a buga wa masu kifin nan waya. Daga baya aka daina buga waya aka koma kwamfuta, amma ita har kullum waya take cewa.

Sannu a hankali suga ya taɓa mata ido. Yatsunta ma suka daina jin abu sosai. Wata rana na ji ƙaya a harshena, na sa hannu na zaro ta na ajiye a bakin tire, ban kawo komai a raina ba. Ashe ta gani. Ta laluba ta ɗauki ƙayar, ta daɗe tana murza ta tsakanin yatsunta. Sannan ta ce ta ƙoshi, ta wanke hannu. Washegari ma ba ta ci ba, ta ce in ci abina, ita yanzu ba ta iya ba, kada ta kashe 'yar mutane. Da ƙyar na shawo kanta, na ce wannan ɗayar daga miya ta fito, ba daga hannunta ba.

Sai na koyi dabara. Ƙananan ƙayoyi in bi su da babbar lomar tuwo in haɗiye, manya in tura su gefen kumatu sai na tashi in zubar a bayi. Akwai wadda ta maƙale mini a maƙogwaro, na wuni da ita a wurin aiki, sai abokiyar nan tawa ta Kumasi ce ta haska fitila ta zaro mini ita, tana faɗa tana cewa me ya hana ni komawa wa mai tsoka zalla. Na ce mata Inna ba ta son shi.

A watanninta na ƙarshe, Allah ya ji ƙanta, kusan kowace loma da ƙayarta. Kuma ta fara tambaya, abin da da ba ta yi. Ranar da na fi tunawa, na dawo a gajiye kamar kullum, takalmina ma a ƙofar falo na yar da su. Ta zare tsoka ta murza ta ajiye mini, na kai baki, na ji tsini biyu sun soki dasashina. Ta tsaya da lomarta a hannu, ba ta kai baki ba, ta juyo da fuskarta wajena.

"Akwai ƙaya?"

Na tura su gefen kumatu da harshe.

"Babu, Inna."

Sai ta kai lomar bakinta, ta sake miƙa hannu cikin tiren.