Auta, Ni Na Taɓa Motarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, ina kwance a ƙarƙashin motar wani a gareji aka kira ni aka ce ƙanena, autanmu, ya yi hatsari a babban titi. Kafin in isa asibiti an riga an rufe maka fuska.

Auta, kowa ya shaide ka. Kai ne ma'aikacin jinyar da maƙwabta ke buga wa ƙofa kafin su nufi asibiti, kuma ba ka taɓa ɗaure wa kowa fuska ba. Shekara uku kana kai Mama wankin ƙoda duk Alhamis, ka goyo ta daga bene kana tsokanarta wai ta ƙara nauyi. Da inji ya faɗo mini a ƙafa, wata biyu kai kake wanke mini ciwon.

Ni kuma ga abin da na yi maka.

Motarka sabuwa ce dal, garantin kamfani ko rabi bai ci ba. Ka ce tana nauyi in za ka wuce manyan motoci. Na ce kawo ta, ai aikina ne. Na jona kwamfuta na sake mata lissafin mai da iska, na cire takunkumin gudu, na canza salansa. Kana tsaye ka ce, "Yaya, garantin fa?" Na yi dariya na ce, "Wa zai gane?"

Ashe sun gane. Jiya matarka ta miƙo mini takardar da ta tsinta a aljihun rigar aikinka. Sati biyu kafin rasuwarka fitilar gargaɗin birki ta kama, ka kai kamfani, suka ga an taɓa ƙwaƙwalwar motar, suka ce garanti ya faɗi, babu ruwansu. Ba ka kawo mini ba. Na san halinka, ba ka so in ji kunya ne.

Motar tana wurin 'yan sanda, rahoto bai fito ba, ban san me za a gani a cikinta ba. Mama ta riƙe ni tana cewa ni kaɗai na rage mata, na kasa haɗa ido da ita. Akwai kuma motoci goma sha ɗaya da na yi wa irin wannan aiki, suna kan titi da iyalan mutane a ciki. Na kira masu su, tara sun ɗauka. Biyun da suka rage har yanzu ina ta kiran su.

Allah ya jiƙanka, Auta, ya haskaka kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da matarka, da 'yarka da har yanzu take leƙa ƙofa in ta ji ƙarar mota. Allah ya ba su haƙuri, ni kuma ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan gaya musu gaskiya.

Ka yafe mini, ƙanena.