Jatan Lande Mai Ƙwai a Tafin Hannuna

Yaya Kulu, daren jiya na yi wani mafarki da ya hana ni karin kumallo. Ladi maƙwabciyata ce ke rubuta miki ina faɗa. In kin ga magana ta tsinke, kuka ne ya tare ni.

Kin san takabata ta kusa ƙarewa. Auta ya bugo waya daga Ikko, ya ce ranar da na fita zai zo da mota ya tafi da ni. Na ce kabarin ubansa fa? Ya ce, "Haba Inna, gadinsa za ki yi? Addu'a ai daga ko'ina tana isa." Har yau ban ba shi amsa ba. Maƙabartar tana kan tudun bayan gidanmu, in na fito alwala ina hango inda aka kwantar da Malam.

A mafarkin na gan ni a bakin wani ruwa da ba a hango ƙarshensa. Rana tsaka, amma ba zafi. Na ɗiba na ɗanɗana, gishiri ne. Sai kawai jatan lande suka fara fitowa daga cikinsa, ba irin ƙananan da muke shanyawa a tabarma ba, manya, masu hannuwa kamar na ƙaguwa. Suka yi layi suna shiga bakin wani kogi, suna haurawa sama. Wata murya kamar ta tsohuwa ta ce, "Nan ne gidanmu na fari. Mun bar shi tun kafin a yi mutum." Na waiga, ba kowa.

Na bi su. Muna cikin tafiya sai kawai ƙasa ta tsage, ba ƙara ko kaɗan, kamar yadda laka ke tsagewa da rani. Kowane yanki ya ja nasa ruwan ya tafi da waɗanda ke ciki. Na ga wasu a rafi mai sanyi tsakanin duwatsu. Na ga wasu sun haƙa rami cikin taɓo. Wasu cikin kogo, sun yi fari fat, idanunsu sun shafe. Uwa ɗaya ta haife su, amma ko sun hangi juna ba mai gane wani.

Sai kawai ga ni a nan Ibi, bakin Binuwai, riƙe da gura, tarkon nan da Malam ya saƙa da hannunsa yake kama jatan lande da ita. Na buɗe, guda ɗaya ce tak a ciki, tsohuwa, ƙarƙashin cikinta cike da ƙwai.

Kin tuna dokarsa. Mai ƙwai ba a kai ta wurin banda a kyafe ta, ko da yunwa za mu kwana. Mayar da ita ake yi, kuma a daidai ruwan da aka ciro ta. Sau nawa muka yi cacar baki a kan haka, ina cewa miya ba komai, yana dariya yana cewa, "Hauwa, so kike ki cinye baɗi tun bana?"

Na durƙusa zan mayar da ita, sai na ga kogin ya rarrabu, ya zama ƙananan tafkuna barkatai. Ban san wanne ne nata ba. Ina ta zagayawa da ita a tafin hannuna, ƙwan yana zubowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya faɗa nan, wancan ya faɗa can, kowane tafki ya ja baya da nasa. Ina ƙoƙarin tarewa da gefen zanena, ba su taru ba. Har ta zama ba komai a jikinta, sai motsa gashin bakinta take yi a hankali.

Can na hangi Malam a ƙetare, yana zaune ya ba ni baya, yana gyaran wata gura, da tsohuwar malafarsa. Tsakaninmu tsaga ce, ba ta fi in tsallake ba, amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na ce, "Malam, dokarka ta mai ƙwai ce. Wadda ta gama zubar da nata fa, mayar da ita ake yi ko tafiya ake da ita?"

Bai juyo ba. Na sake tambaya. Ya ajiye gurar, ya gyara murya kamar yadda yake yi in zai faɗi magana mai nauyi.

A nan na farka, hannuna a dunƙule, matashina jiƙe.

Ladi ta ce tunani ne kawai, in yi sadaka in manta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya, ke kaɗai kika rage wadda ta san ni tun kafin Malam ya ɗauko ni daga Yawuri. Don Allah ki duba mini, ko ki kai wa wani malami da kika yarda da shi. Me mafarkin nan ke nufi? Yaron nan ya kusa zuwa. In ya tsaya a ƙofar gida da motarsa, in shiga ne, ko in ce masa ya bar ni a nan kusa da ubansa?